Rasuwar Dattijo, Agogon Ɗakin Duhun Malam Uwaisu

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da ba makawa, Malam Uwaisu Mai Hoto na bakin kasuwar Wurno yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙauyukan da ke tsakani, rasuwar abokin aikinsa kuma amininsa, agogon ɗakin duhunsa, wanda duk mai shiga shagon ya sani da suna Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi yana bakin aiki, hannunsa tsaye a kan lamba takwas, bayan doguwar jinya da ya yi ta ɓoyewa don kada hankalin maigidansa ya tashi.

Shekarunsa ba wanda ya sani. Malam Uwaisu ya gaje shi ne daga hannun wanda ya koya masa sana'a a Sakkwato, kuma tun a lokacin fentinsa ya fara ɓarewa, shi ya sa ko a ranar farko ba a kira shi da wani suna ba sai Dattijo.

Yaran yanzu masu latsa waya hoto ya fito nan take za su ce mene ne abin kuka a kan agogo. To su buɗe kunne. A cikin ɗakin duhu akwai injin buga hoto, dogon abu mai wuya, da fitila a cikin kansa. Ana sa fim a ƙarƙashin fitilar, haske ya ratsa fim ɗin ya sauka a kan farin kati, katin ya sha. Idan ya sha da yawa, mutum ya fito baƙi ƙirin, ko uwarsa ba za ta shaida shi ba. Idan ya sha kaɗan, ya fito fari fat kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Tsakanin mutuncin mutum da tozarcinsa 'yan sakan ne kawai, kuma waɗannan 'yan sakan ɗin su ne amanar da ke hannun marigayi. Malam zai murɗa hannunsa zuwa lambar da ake so, ya danna masa kai, fitila ta kama. Daga nan sai ka ji shi, ƙyat, ƙyat, ƙyat, yana komawa baya a natse, har ya kai ƙarshe ya ce ƙas, ya ɗauke hasken da kansa. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Marigayi mai gaskiya ne, kuma ya sha wuya a kanta, don mutanen ƙasar nan ba su raina fari ba. Amarya za ta zo da ƙawayenta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, don Allah a ɗan rage mani, in hito hwara-hwara." Ango ya zo da nasa roƙon. Wani ɗan takarar kansila, wanda ba za a faɗi sunansa ba saboda zaman makoki ake, ya taɓa tsayawa bayan ƙofar ɗakin duhu yana bugawa yana cewa ya isa haka, a kashe. Malam Uwaisu amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Ni ba ruwana, ku hwaɗa ma Dattijo." Gaskiya dai Malam ne ke murɗa hannun, kowa ya sani, amma ya daɗe yana laɓewa a bayan marigayi, marigayin kuwa bai taɓa tona masa asiri ba. Da an danna, shi ke nan, babu ɗan sarki babu ɗan talaka, kowa zai sha hasken da aka yanka masa.

Bayan gaskiya, Allah ya hore masa haƙuri da halin wutar ƙasar nan. In janareta ya fara tari, fitilar injin ta dushe, wani agogon da sai ya ci gaba da gudunsa ya yanke hasken kafin kati ya ƙoshi. Dattijo a'a. Wuta ta ja baya, shi ma ya ja baya, ƙyat ɗinsa ta yi nauyi, ya jira katin. Wuta ta yi ƙarfi, ya ɗaga ƙafa. Shittu mai gyaran rediyo, maƙwabcin shagon, ya sha bayani cewa ba wani abin mamaki ba ne, injin cikinsa da fitilar daga waya ɗaya suke ci. Malam ya ce Shittu ya riƙe iliminsa, shi dai ya san hankali in ya gan shi. Abin da ya tabbata shi ne sakan na Dattijo ba irin na rediyo ba ne, nasa ne shi kaɗai, kuma da shi Malam ya auna duk abin da ya sani a sana'a.

Ba za a ce ba shi da aibi ba, kada a yi wa mamaci ƙarya. Yana da nauyin tashi da safe, sai an ɗan mare shi a gefe kafin ya motsa, kuma da bazara, in zafi ya kai Malam na sanyaya ruwan maganin wanki a gindin randa, yakan yi wani gurnani mara daɗin ji. An yafe masa.

Ya rasu ya bar babban yayansa, injin buga hoto, wanda wuyansa ya sage tun bara, sai an tallafa masa yake ɗagawa. Ya bar jar fitila, wadda tun ranar Talata ba a kunna ta ba. Ya bar tire uku na wankin kati, da hantsaki mai baki ɗaya a karye, da wani ɗan guntun kwali da aka liƙa a bakin sifok ɗin keke, wanda aikinsa yi wa fuska inuwa don kada haske ya yi mata yawa. Ya bar janareta, wanda dangi ke yi wa wani irin kallo, ko da yake babu shaida. Ya kuma bar fuskoki ba adadi rataye a ɗakunan mutane daga Achida har Goronyo, waɗansu masu su na raye, waɗansu sun riga shi.

Ciwon ajalin ya fara ne da tsallake. Sai ya ce ƙyat, ya yi ɗan shiru kamar mai tunanin wani abu, sannan ya ci gaba. Malam ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya samu sauƙi, ya sake komawa. Aka kai shi wurin Shittu, ya buɗe bayansa ya leƙa, ya ce masu ƙera kayan cikinsa ma sun daɗe da mutuwa, a lallaɓa shi kawai. Lallaɓawar ba ta yi wuya ba, don aikin ma ya ƙare. Masu kawo kati daga Sakkwato da Kano sun daina, mutane sun koma waya, kwalin ƙarshe ya yi ta ramewa har ya rage kati uku. Malam ya naɗe su cikin baƙar leda ya ɗora a sama, ya ce ko sarki ne ya zo ba zai taɓa su ba.

Sarki bai zo ba. Wadda ta zo wata matar aure ce daga Rabah, Adawiyya, tare da mijinta Bilyaminu, a kan babur. Ta durƙusa ta gaishe da Malam, ta daɗe tana murza bakin mayafi kafin ta ce, "Baba, an ce kai kaɗ ɗauki babana hoto. Ni ban taɓa ganin huskatai ba."

"Wane na babanki, ɗiyata?"

"Mode mai albasa, na Goronyo."

Malam ya ajiye tasbihinsa. Allah sarki, Mode! Abokinsa ne na ƙuruciya, tare suka yi kiwo, tare suka sha duka. Ya rasu a hanyar Kudu yana bin motar albasa, ya bar matarsa Hauwa'u da cikin wannan yarinyar. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, ranar wata kasuwar Goronyo da ya sa sabuwar riga. Malam ya buga ya kai wa Hauwa'u bayan rasuwar, ya ɗauka yana nan rataye. Ashe gara ta cinye shi tun Adawiyya na goye, uwar kuma kunya ta hana ta faɗa, ta ɗauka in hoto ya lalace shi ke nan. Sai kwanan baya Bilyaminu ya ji a bakin wani cewa masu hoton da ba su zubar da fim.

Malam bai zubar ba. Ya jawo gwangwanin biskit ya zaro fim ɗin Mode, ya miƙa mata. Ta ɗaga wajen rana ta duba, ta kusa sakinsa.

"Wanga mi na? Huska hwara, haƙora baƙi! Baba, wanga ai aljani na!"

"Hakanan fim shike, komi bisa juye. Bari Dattijo shi juyo maki shi."

Bilyaminu, da yake ɗan zamani ne, ya ce a hutar da tsoho. Ya ɗauki hoton fim ɗin da waya, ya yi 'yan latse-latse ya juya shi, sai ga farar riga tsaye da wani dunƙulen baƙi a sama. Adawiyya ta kalla ta kau da kai. Malam ya miƙe ya sauko da baƙar leda.

Sai an faɗi gaskiya, Mode bai kyauta wa masu hoto ba. Mutum ne baƙi wuluk, ya je ya sa riga fara sol mai aikin aska takwas, ya tsaya cikin tsakiyar rana yana dariya. Hasken da zai fito da aikin rigar zai ƙone fuskar, wanda zai fito da fuskar ba zai ko taɓa rigar ba. Malam ya shiga ya ja ƙofa, ya yanka katin farko yanki-yanki don gwaji. Yana rufe gefe da kwali, Dattijo ya ba da kaɗan, ya ja kwalin, Dattijo ya ƙara, har kowane yanki ya fito hawa-hawa daga haske zuwa duhu. Katin farko ya tafi a haka, amma ya faɗi abin da ake nema: fuska biyar, riga sha biyu. Ke nan in an ji ƙyat ta biyar sai a kawo sifok a yi wa fuskar inuwa, a bar rigar ta ci gaba da sha.

Malam ya shimfiɗa kati na biyu, ya murɗa hannun Dattijo zuwa sha biyu, ya yi bisimilla ya danna. Ƙyat. Ƙyat. Ƙyat. Ta huɗu ta zo da ja, kamar an jawo ta da igiya. Malam na tsaye da sifok a hannu yana jiran ta biyar.

Nan ne sabo ya ci Malam. Wani da ya ji shiru da ya kashe fitila. Shi kuwa da ya san halin abokinsa sai ya ce a ransa wuta ce ta ja baya, Dattijo na jiran kati kamar kullum, kada a yi masa gaggawa. Ya jira, fitila na zuba a kan fuskar Mode. Ya ƙara jira. Sai da wani ƙauri ya bugi hancinsa sannan ya lura janareta lafiyarsa lau yake ruri a waje, fitilar kuwa ko dushewa ba ta yi ba. Ya fizge waya daga bango. Ya jefa katin a ruwan magani duk da ya san abin da zai gani, ya kuwa gani: rigar ta yi toka-toka, kan Mode ya zama gindin tukunya.

Ya mari Dattijo a gefe, shiru. Ya hura masa iska, ya jijjiga shi, ya kira sunansa. Aka ƙwala wa Shittu kira ya shigo da sukundireba, ya kara kunne, ya shinshina, ya cire hula ya mayar. "Inna lillahi. Sai haƙuri, Malam, ya tahi."

Malam ya fito da baƙin kati yana ɗiga, ya zauna a kan benci. Ba kunyar faɗa, ya yi hawaye, kuma shi kansa bai san na wa yake yi ba, na agogon ko na Mode. Adawiyya ta dubi katin, ta dubi ledar da kati ɗaya ya rage a ciki. Wannan kallon nata ya fi komai ci masa rai.

Bilyaminu ya zaro waya. "Baba, ga wagga, tana da agogon ƙirga sakan. In shigo in riƙa maka?"

"Maida abin ga aljihu! Haskenta kaɗai ya isa shi ƙone kati. Kuma biyar ɗin da nika nuhi biyar ɗin Dattijo ta, ba ta waya ba. Wa zai auna mani ita yanzu?"

Malam ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki ledar ya koma ciki. Ya haɗa injin da bango kai tsaye, ya gyara wa marigayi zama a inda ya saba zama, ya shimfiɗa katin ƙarshe. Hannu ɗaya a kan makunni, ɗaya riƙe da sifok.

Waɗanda ke waje suka ji ƙyat, ƙyat, ƙyat daga bayan ƙofa, da nauyinta da jan ƙafarta, ba bambanci. Bilyaminu ya yi tsalle ya ce, "Ya tashi! Wallahi ya tashi!" Shittu ya riƙe masa hannu ya girgiza kai. Harshen Malam ne ke bugun ganɗarsa.

Ya kai biyar lafiya, ya kawo inuwa a kan fuskar yana ɗan kaɗa ta don kada ta bar shaida. Shida, bakwai. Sai idonsa ya sauka a kan yadda Mode ya ɗage kafaɗa ɗaya don a ga aikin rigar, ya tuna yadda ya dame shi ranar da cewa in aska ɗaya ta ɓace a hoton sai sun yi shari'a. Dariya ta taso masa, kuka ya tare ta, harshe ya maƙale. Ƙirga ta ɓace. Tsoro ya kama shi, ya kashe fitila.

Ya sa katin a ruwa yana kaɗa tire a ƙarƙashin jar fitila. Hula ta fara fitowa, sai gira, sai idanu, sai ga Mode gaba ɗaya yana dariya da wushiryarsa, baƙinsa mai sheƙi, har zufar goshinsa ana gani. Malam ya jira rigar. Rigar ba ta zo ba. Fari ne kawai daga wuya har ƙasa, ko aska ɗaya babu. A duk zamansa da marigayi bai taɓa fitar da aiki irin wannan ba, kuma ya ji kunya ƙwarai.

Adawiyya ba ta ko dubi rigar ba. Ta karɓi katin da hannu biyu tun bai bushe ba, ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta taɓa haƙoranta na gaba. "Ashe wushiryata tashi ta," in ji ta. Sannan ta ɗago. "Baba, hakanan shike? Hakanan dai?"

Malam ya sake duban katin. "Ɗiyata, da Dattijo yay yi aikin ga, da na rantse maki. Ni kau mutum na, kuma ina son babanki. Ƙila na rage mashi, ƙila na ƙara. Ban sani ba."

Haka suka hau babur da hoton, ba su nufi Rabah ba, suka miƙi hanyar Goronyo.

Game da jana'iza, liman ya ja kunne tun da wuri cewa ba salla ba wanka, kuma dangi sun amince. Za a sa marigayi a cikin kwalinsa na asali gobe Alhamis, a ɗora shi a kan kanta ta sama cikin ɗakin duhu, kusa da yayansa. Ana gargaɗin 'yan gwangwan da aka ga suna kewaya shagon da buhu tun jiya cewa an gan su, kuma ko sukuru ɗaya ba za su samu ba. Zaman karɓar gaisuwa a gindin dogonyaron ƙofar shago ne, mata kuma su shiga cikin gida wurin Mashkura, uwargidan Malam. Don Allah kada wanda ya zo da agogon bango ko na hannu da sunan maye gurbi, an gode, ba a buƙata.

Ba za a rufe kwalin da safe ba kamar yadda aka so, saboda Inna Hauwa'u ta aiko daga Goronyo cewa a jira ta. Ta ce a gaya wa Malam ya bar zancen riga, ita ta san rigar, ita ke wanke ta. Bilyaminu da ya kawo saƙon ya ce sun same ta a tsakar gida tana tsintar wake, kanta ba ɗankwali. Adawiyya ta ɗora mata hoton a cinya. Tsohuwar ta duba sau ɗaya, ta yi wuf ta jawo mayafi ta rufe kai, ta kau da fuska gefe kamar amarya, ta ce wa hoton a hankali, "Sannu da hanya, Maigida."

Motar Goronyo na isowa bayan Azahar. In Inna Hauwa'u ta sauka, a shigar mata da marigayin cikin gida ta gan shi tukuna, sannan a rufe.